Bindigar Da Ba A Aunawa

Da ba don Binta ta dawo daga makaranta tana kuka ba, da wannan labarin bai shiga rubutuna ba, don a ganina magana ce da aka binne tun iyayenku suna goye. Wai yara ne suka tasa ta a gaba da waƙa, suna cewa kakanta ya harbi kakanta. Na tambaye ta me ta ce musu, ta ce ba ta ce komai ba, saboda ba ta sani ba ko gaskiya ne. To, gaskiya ne, Binta. Mamman Kudan, mahaifin uwarki, shi ya ja kunamar bindigar da ta bar ni da ɗingishin nan da kuke kwaikwayo in kun ɗauka ba na kallonku. Amma wanda ya tsaya a nan bai faɗi ko rabin abin ba. Tun da Mamman ya riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai na rage da zan faɗe shi yadda ya faru, kuma zan faɗa.

A zamanin Turawa ne, ina da ƙarfina, ina noman rake a fadamar ƙauyenmu da ke gefen Gazara, a ƙasar Makarfi. Mahaifina shi ne Sarkin Baka, wato shugaban maharban yankin. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. In yana nemana sai ya ce "ina yaron nan", ko da ina tsaye a gabansa da gemuna. Yana da wata doguwar bindigar toka da ya gada wurin nasa uban, an naɗe gindinta da jar fata, layu da wuri suna reto a jikinta. Ku da ba ku san bindigar toka ba, ta baki ake ɗura mata: a zuba albarushi, a tura tsumma, a zuba gutsattsarin ƙarfe, a sake tura tsumma, a daka da sanda. In an ɗura ta, ido ba ya ganewa. Hanya ɗaya ce ta sani, a zura sandar ciki, a riƙe inda ta tsaya da yatsa, a fito da ita a gwada da tsawon bindigar ta waje. In ta kai gindi, ba komai a ciki. In ta rage, akwai ɗuri. Wannan shi maharba ke kira awo, kuma kowace bindiga sai an auna ta kafin ta bar hannu ta shiga wani hannu.

Ban da ta Sarkin Baka. Tun zamanin kakana ake cewa duk wanda ya zura sanda a cikinta, in ba mai ita ba, hannunsa zai shanye. Ko da gaske ne, ko kakana ne ya ƙirƙiro don yara su bar masa kayansa, Allah ne masani. Amma ko ba tsoron asiri akwai kunya, domin a wurinmu auna bindigar babba daidai yake da ce masa ba ka yarda da hankalinsa ba. Na girma a ɗakin da take rataye, ban taɓa ganin wani ya taɓa bakinta ba sai Baba.

A kakar raken shekarar ne Mamman ya zo daga Kudan da matarsa, ya kama aikin dafa mazarƙwaila a injin matse rake na ƙauyenmu, irin wanda doki ke ja yana zagaye. Gwanin aiki ne, sai dai bakinsa ba ya hutawa, ni ma nawa ba a bar shi a baya ba. Wata ranar kasuwar Gazara muka yi cacar baki a kan dokina da ya bari ya wuni yana zagaye ba ruwa, har muka ci kwalar juna aka raba mu. Cikin fushi ya ce sai ya koya mini hankali, ni ma na ce masa abin da ba zan rubuta wa jikoki ba. Kafin kasuwa ta sake ci mun haɗa hannu a akushi ɗaya, mun manta. Mutanen da suka raba mu ne ba su manta ba.

Ana cikin haka sai ga motar masu majigi ta shigo ƙauyenmu. Mun saba ganin majigi a ƙofar hakimi, amma ba mu taɓa tunanin mutane irinmu ake ɗauka a sa a farin ƙyallen nan ba. Shugabansu wani jan Bature ne da lofe ba ya barin bakinsa, don haka muka sa masa Mai Lofe. Tafintansa Malam Yohanna, mutumin kudancin Zariya, Hausarsa ta fi ta wasunmu kyau. Suka ce gwamnati na son a yi hoton da zai koya wa manoma haɗa kai su tsare gonakinsu. Labarin ba wuya: ɓarawo ya saci rake, masu gona su bi shi, a harba bindiga, a kama shi a kai wa hukuma. Kowa ya miƙa hannu yana son ya fito a mai gona. Da aka zo kan ɓarawo sai kowa ya janye hannu, don an ce za a nuna hoton a Ikara da Kudan har Zariya, kuma ba wanda ke son surukansa su gan shi da damin sata a ka. Ni kuwa abin ya ba ni dariya, na ce a ba ni. Da na koma gida na tarar labari ya riga ni, Hajara matata tana jirana a bakin murhu.

"Maigida, duk faɗin garin nan kai aka ga ka dace da ɓarawo?"

"Ni aka ga na fi kowa gudu," in ji ni.

"Ai shi ne abin da na ce."

Mamman aka zaɓa ya zama babban mai gona, saboda faɗin ƙirjinsa. Maharba suka kawo bindigoginsu don a raba wa masu bin ɓarawo. Baba ma ya zo da tasa a kafaɗa, ba don komai ba sai don Sarkin Baka ba ya fita taro hannu sake. Mai Lofe na ganin jar fatar nan da layun sai ya rikice, ya ce wannan ce za ta fito a hoto, a hannun Mamman. Ya bi ta wurin dagaci, Baba kuma ba ya iya hana baƙon hakimi abin da ya roƙa a gaban jama'a. Ya miƙa ta fuska a ɗaure, ya juya ya nufi gida, domin ba zai tsaya ya kalli ɗansa na fari yana wasan ɓarawo ba. Ni a lokacin ina can cikin rake an sa mini tsummokara, ban ga komai ba. Abin da ya biyo baya daga bakin Malam Yohanna na ji shi, shi kuwa yana tsaye a wurin.

Wani ɗan doka hakimi ya sa ya riƙe albarushi ya yi ɗurin. Umarnin da aka ba shi, albarushi da tsumma kawai, don a samu ƙara da hayaƙi. Ya bi bindigogin nan yana aunawa yana ɗurawa, yadda ya kamata. Da ya zo kan ta Baba sai ya janye sandarsa. Ya ɗan zuba albarushi ta baki, ya tura tsumma da siririn kara iya inda karan ya kai, ya miƙa wa Mamman da hannu biyu. Maharba na tsaye suna kallo, ba wanda ya ga laifinsa, don kowannensu haka zai yi. Da farko an shirya a harba sama ne. Sai Mai Lofe ya leƙa akwatin hotonsa, ya girgiza kai, ya ce abin bai yi kama da gaske ba, a saita bayan ɓarawo.

"Malam, ka gaya masa a garinmu ba a nuna wa mutum bindiga ko da wasa," in ji Mamman.

Malam Yohanna ya juya maganar, ya dawo da amsa. "Ya ce hayaƙi ne kawai a ciki, kuma rana tana tafiya."

"Ko iska ce a ciki, ni dai ba na so."

Ɗan doka ya daka masa tsawa. "Kai, Baturen gwamnati kake wa gardama? Baƙo da kai?"

Mamman ya yi ta ƙi har ya ga ba mai goyon bayansa. Da aka ba da alama na fito daga rake a guje da dami a ka, sai ya ɗaga bindigar, amma ya sunkuyar da bakinta ƙasa, wajen ƙafafuna. Wannan sunkuyarwar ita ta sa nake da ran da nake rubuta muku wannan. Ɗan maharbi ne ni, na san kukan bindigar da ba komai a ciki, na san na wadda ke ɗauke da ƙarfe. Kafin in ji zafi kunnena ya riga ya gaya mini. Na kife a kan damin rake. An ce Mai Lofe har tafi ya yi, wai bai taɓa ganin faɗuwa mai kyau irin wannan ba. Mamman ne ya jefar da bindiga ya sheƙo yana salati, ya warware rawanin da aka naɗa masa don hoto ya ɗaure mini cinya, ya saɓe ni a kafaɗa har cikin motar majigi. Motar na tashi da ni zuwa asibitin Zariya, wani daga cikin jama'a ya ce ai dama Mamman ya rantse a kasuwa sai ya koya mini hankali. Kafin la'asar an sa wa Mamman mari a ƙafa an tasa shi zuwa Makarfi.

Na daɗe a asibiti. Likita ya yi ta fama har Allah ya bar mini ƙafar, ko da yake ba ta koma yadda take ba. Alƙali kuma ya dakatar da shari'a yana jira ya ga ko zan tashi ko zan tafi, domin hukuncin Mamman ya rataya a kan haka. Zargin da ake masa ba na kuskure ba ne. Cewa aka yi ya faki ido ya jefa ƙarfe a bindigar don ya huce haushinsa. In ta tabbata, ko ban mutu ba, zai tsufa a gidan yari. Ranar da za a sallame ni likita ya miƙo mini abin da ya ciro daga cinyata a cikin auduga, yana dariya wai in ajiye tsaraba. Na buɗe audugar. Gutsuren ƙusa ne mai zobe-zobe a jiki, kuma na san shi kamar yadda na san tafin hannuna. Da bazara wata babbar ƙusa ta injin rake ta karye, Baba ya ɗauka ya kai wa maƙeri ya yayyanka masa. A gabana ya ɗura ta don wani gadu da ya dame mu da ɓarna a fadama. Washegari zazzaɓi ya kwantar da shi, kafin ya tashi gadun ya faɗa tarkon wani, bindiga kuma ta koma jikin bango da ɗurinta. Baba ya manta, kuma a duk ƙasar nan ba wanda ya isa ya tuna masa.

Na dawo gida da sanda a hannu da ƙarfen nan a aljihu. Inna na fara nuna wa, mahaifiyata, don na ɗauka za ta taya ni neman hanya. Ta kalle shi, ta gane, ta rufe mini hannu da nata.

"Ka jefa shi rijiya," ta ce. "Allah ya bar maka ƙafarka, kai kuma ka bar wa ubanka rawaninsa."

"Inna, mutum na can a ɗaure a kan abin da bai yi ba."

"Ba shi ya harba ba? Baƙo ne, in ya gama zamansa ya koma Kudan. Ubanka fa ina zai koma? Sarkin Baka ya manta ɗuri har ya harbe ɗansa, da wane ido zai dubi maharba?"

Ba ƙarya ta faɗa ba, shi ya sa maganar ta yi mini nauyi. Hajara kuwa ba ta ce in yi ko kar in yi ba. Da safe dai ta ɗaga labulen ɗaki ta ce in leƙa. Matar Mamman ce a tsakar gidanmu, jaririya a bayanta, tana shara. Hajara ta ce tun ranar da aka kama mijinta haka take zuwa kullum, ta share gidan, ta cika randa, ta tafi, ba ta roƙi kowa komai ba. Jaririyar nan da ke bayanta uwarki ce, Binta, ɗana da ke rarrafe yana bin tsintsiyarta kuma ubanki ne. Na saki labule na zauna, kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Na sami Baba a zaure, na durƙusa yadda ƙafar ta bari, na gaishe shi, na ajiye ƙarfen a gefen buzunsa. Ya daɗe yana kallonsa.

"Yaron nan, ɗauke kayanka," ya ce.

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ina son ku sani ina ƙaunar mutumin nan fiye da yadda baki zai iya faɗa, kuma ranar na ji haushinsa har cikin ƙashina. Manyan maharba su ma suka aiko mini a asirce, cewa in tuna sarautar nan gare ni za ta dawo, kuma ba za su bi ɗan da ya tona asirin ubansa ba. Na ce na ji, na gode.

Ranar shari'a aka ɗora ni a jaki zuwa Makarfi. Zauren alƙali ya cika har waje. Bindigar na kwance a kan tabarma, jama'a sun ba ta fili kamar maciji. Mamman na gefe da mari, ya rame har ƙirjin nan da aka zaɓe shi dominsa ya zube. Baba na zaune cikin dattawa, bai dubi inda nake ba. Mai Lofe bai zo ba, don alƙalinmu ba shi da ikon kiran Bature, amma Malam Yohanna ya zo da ƙafarsa ba wanda ya kira shi, ya faɗi yadda Mamman ya ƙi aka tilasta shi. Masu shaidar faɗan kasuwa suka faɗi nasu, har da ƙari. Ɗan doka ya rantse albarushi kaɗai ya zuba, kuma gaskiya ya faɗa. Alƙali ya tambaye shi ko ya auna bindigar kafin ya zuba.

"Allah ya gafarta malam, ai ta Sarkin Baka ce."

Sai na ga zauren nan gaba ɗaya yana gyaɗa kai, kamar an ba da amsa mai gamsarwa. Aka kira ni. Na yi niyyar in bi a hankali, in nuna ƙarfen kawai in ce ba irin na Mamman ba ne, ko Allah zai sa a sake shi ba tare da na ambaci kowa ba. Na miƙa, aka zagaya da shi. Sai muhuti, mataimakin alƙali, ya ɗaga shi sama ya ce ai wannan ƙusar injin rake ce, wa ke aiki a injin rake? Zauren ya ɗauki guna-guni. Na ga Mamman ya sunkuyar da kai, ya sallama. Abin da na kawo don in cece shi ya zama igiyar da za a ƙara ɗaure shi da ita. Na dafa sandata na miƙe tsaye, ko da yake ba a tsayawa a gaban alƙali.

"Allah ya gafarta malam, ƙarfen nan na gidanmu ne. A gabana aka ɗura shi tun bazara, don gadu. Mamman bai sa komai a bindigar nan ba. Da ɗurinta aka ba shi."

Ban san zaure na iya yin hayaniya irin wannan ba. Wani dattijo ya ce yau ga ɗan da ya kawo ubansa gaban shari'a. Dogari ya yi ta tsawa kafin a yi shiru. Alƙali ya juya wajen Baba, ya sassauta murya, ya ce Sarkin Baka ko yana da abin faɗa. Komai ya rataya a kan bakinsa, don in Baba ya ce bai sani ba, maganata ta faɗi, Mamman ya tafi, ni kuma na rasa uba a banza. Baba ya tashi a hankali. Ya kwance burgaminsa, jakar fatar da yake zuba kayan harbi, ya zazzage ta a kan tabarma. Sauran gutsattsarin ƙusar suka gangaro, kowanne da zobensa.

"Ɗurina ne," ya ce. "Ni na manta shi. Ku kwance wa ɗan mutane marin nan."

Alƙalin nan, Allah ya jiƙansa, ya yi hukuncin da har yau nake jinjina masa. Ya ce harbin nan ya bi ta hannun wanda ya ba da bindiga da ɗuri, da wanda ya ƙi aunawa, da wanda ya ce a saita mutum, kafin ya zo ga yatsan da ya ja kunama, kuma a cikinsu duka mai yatsan ne kaɗai ya ce a'a. Ya ce a saki Mamman nan take, maganar Bature kuma zai kai ta gaban Di'o, Baturen mulkin yankin, da kansa. Ya tambaye ni ko ina neman haƙƙin jinina a kan wani, na ce na yafe. Da aka fasa marin, Mamman ya rarrafo ya kama ƙafata mai ciwon yana kuka. Na ce masa ya yi a hankali, ai ya riga ya koya mini hankalin da ya yi alkawari. Ya fashe da dariya hawaye na zuba, jama'a ma suka taya shi. A kan jakina muka koma gida, ni a sama shi yana ja, yara na bin mu da gudu tun daga bakin Gazara. Ban taɓa jin daɗin wata tafiya kamar wannan ba.

Amma kada ku ɗauka a banza na samu. A makon nan Baba ya je ya ajiye rawaninsa a gaban dagaci, aka naɗa wani daga wani gida. Sarautar da ta yi kaka da kakanni a gidanmu ta fita, ba ta dawo ba har yau, kuma in kun ji ana cewa ni na fitar da ita, haka ne, ba na kuma nadama. Maharba suka daina kirana farauta. Inna ta daɗe ba ta aiko mini da ƙwaryar furarta ba. Baba kuwa in na gaishe shi sai ya ce "lafiya", ya ci gaba da jan carbinsa. Wannan "lafiya" ta fi ƙarfen likita yi mini ciwo. Haka rani ya wuce, damina ta zo ta wuce.

Da rake ya sake isa sara sai ga motar majigi ta dawo. Mai Lofe ya sauko da hularsa a hannu, da alama an wanke masa kai a can sama. Hotonsa ba shi da ƙarshe, ɓarawo ya faɗi ba a kama shi ba, yana so a ƙarasa. Ba wanda ya fito, mata har janye yaransu suke yi daga hanya. Dagaci ya rasa yadda zai yi, ya aiko a kira ni. Na zo da ɗingishina na zauna, yau ni ake jira in yi magana. Na ce zan sake zama ɓarawo, amma da sharaɗi. Kowace bindiga, ko ta wane ne, za a auna ta a gaban jama'a, wanda zai riƙe ta ya auna, wanda zai tsaya a gabanta ma ya auna. A ɗura ta kowa na gani. Bakinta kuma ba zai kalli ɗan Adam ba, ko da rana za ta faɗi a rasa hoton. Sannan Bature ya tsaya a gaban gari ya faɗa da bakinsa cewa shi ya sa Mamman ya saita ni. Malam Yohanna ya juya masa, na ga yana ɓoye murmushi. Mai Lofe ya yi ja, ya cire lofen daga baki, ya ce ya yarda. Ya kuwa tsaya ya faɗa, ya miƙa wa Mamman hannu. Daga baya ma ya kafa akwatinsa ta wani gefe, yadda in an harba can nesa da ni sai a ga kamar ni aka saita. Ashe da ma ana iya yin haka tun farko.

Saura abu ɗaya. Rabin hoton na farko da bindigar Baba aka ɗauka, don haka sai da ita za a ƙarasa, kuma ba wanda ya iya zuwa ya roƙe shi. Ni ma ban je ba. Da hantsi muna tsaye a bakin fadama ana shawarar a naɗa wa wata bindigar jar fata, sai muka hango shi tafe, ba rawani, bindigar a kafaɗa. Jama'a suka dare. Ya wuce dagaci, ya wuce Bature, ya wuce sabon Sarkin Baka, ya tsaya a gaban Mamman ya miƙa masa ita tare da sandarta.

"Ɗan Kudan, auna."

Mamman ya ɓoye hannayensa a baya. "Baba, a yi mini rai. Hannun nan da shi nake ci."

"Auna, na ce. In akwai hannun da ya kamata ya shanye a kanta, ba naka ba ne."

Mamman ya karɓa, ya yi bisimilla, ya zura sandar. Muka ji ƙarar da ta yi da ta taɓa gindi. Ya fito da ita ya gwada, ta kai. Ya ɗaga hannunsa yana jujjuya shi yana lanƙwasa yatsu, sai wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, wurin ya ɓarke. Baba bai yi dariya ba. Ya nuna ni da haɓa.

"Ba wa yaron nan ma. Shi zai tsaya a gabanta."

Na auna bindigar ubana da hannuna, abin da ba wanda ya taɓa yi a gidanmu. Sabon Sarkin Baka na ganin haka ya miƙo tasa, sauran ma suka jero. Aka ɗura, aka ba da alama, na fito daga rake da damina ina gudun da ƙafa ɗaya da rabi za su iya. Bindiga ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe, Mamman ya cim mini ya kayar da ni a hankali kamar mai kwantar da jariri. Da na ɗago kai sai na ga Baba bai tafi ba. Yana tsaye a inda yake, ya kalli abin tun daga farko har ƙarshe. Ya yafuto Malam Yohanna, ya yi magana da ƙarfin da kowa zai ji.

"Malam, ka gaya wa Baturen nan, ɓarawon nan nasa ɗana ne."

Ina kwance cikin ganyen rake da tsummokara a jikina na yi kuka, ban damu da wanda ke kallo ba.

Da aka nuna hoton a Ikara mutane sun sha dariya, wai ɓarawo ya fara gudu lafiya lau ya ƙarasa da ɗingishi. Tun daga shekarar nan ba a sake miƙa wa mutum bindiga a ƙasarmu ba tare da awo ba, ko ta wane ce. Hannun Mamman kuwa bai shanye ba. Da shi ya ci gaba da dafa mazarƙwaila har tsufa, da shi kuma ya kamo hannun uwarki ya kawo ta gidan nan. Saboda haka, Binta, gobe in sun sake yi miki waƙar, kada ki sunkuyar da kai. Ki ce musu e, kakana ya harbi kakana, kuma da wani ne ya riƙe bindigar ba shi ba, da ɗayan bai rayu ba, gidajen nan biyu ba su haɗu ba, da ba a haife ni ba.